Mesar da Mama Ta Ƙi Bari da Yunwa

Aikina a jirgin ruwa ne na dakon kaya, kuma idan muka tashi daga garinmu Varna na ƙasar Bulgeriya nakan yi wata tara ban ga gida ba. Da tafiya ta taso shekaru biyu da suka wuce, na rasa wanda zan bar wa Bisera sai mahaifiyata.

Bisera mesa ce, irin ƙananan nan da tsawonsu bai wuce mita biyu ba. Shekara shida tana wurina cikin akwatin gilashi, da fitilar ɗumi da reshen itacen da take hawa. Ranar da na hau da ita gidan Mama a bene na huɗu, Mama ta tsaya a ƙofar kicin riƙe da tsintsiya.

"Zdravko, 'ya'yan mutane jikoki suke kawo wa iyayensu. Kai ka rasa abin kawo mini sai maciji."

Na nuna mata ɓerayen da na jera a firiza, na rubuta takarda na manna a jikin gilashin: ɓera ɗaya duk sati biyu, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ƙanƙararsa ta narke. Ta ce ko kallon akwatin ba za ta yi ba, za ta rufe ido ne ta jefa.

Wata na biyu a teku, sai labarin waya ya sauya. Daga "abin nan naka" ta koma "'yar tawa". Na ji daɗi, ban kawo komai a raina ba.

Da na dawo, ko jaka ban ajiye ba na nufi akwatin. Na tsaya turus. Bisera ta zama jibgegiya, bayanta ya cika ya zama kamar tayar keke. Ɓawon jikinta ya rarrabe har ana ganin fata a tsakani, kanta ya zama ɗan mitsitsi a kan wannan uban jiki. Reshen kuwa ya yi ƙura.

"Mama, sau nawa kike ba ta abinci?"

"Idan ta nema."

"Yaya mesa take nema?"

"Takan zo bakin gilashi ta zuba mini ido. Kai ba ka san kallon mai jin yunwa ba, ni na sani. Lokacin da kake goye, tun asuba nake bin layin burodi cikin sanyi."

Ashe ɓerayen wata tara a wata biyu suka ƙare. Daga nan ta samo wani mai kiwon kaji a bayan gari, tana karɓo 'yan tsaki duk kwana uku.

Washegari na kai Bisera wurin Dakta Mihaylova, likitar dabbobi da ta san ta tun tana ƙarama. Ta ɗora ta a sikeli, ta mammatsa cikinta, ta ɗebi jini. Bayan kwana biyu ta kira mu, na tafi da Mama don ta ji da kunnenta.

"Kitse ya lulluɓe hantarta," in ji likitar. "Mesa a daji takan yi makonni ba ta ci ba, jikinta haka aka yi shi. Idan aka ci gaba a haka, wata rana za ku tarar da ita a sanƙare. Ƙaramin ɓera ɗaya duk sati uku, kuma a riƙa fito da ita tana motsa jiki."

Mama ta gyara jakarta a cinya. "'Yata, kina da yara?"

"Biyu."

"Sati uku-uku kike ba su abinci?"

"Yarana ba macizai ba ne, Inna."

A mota Mama ta ce yarinyar ba ta da tarbiyya.

Na tare a gidanta don in sa ido. Na ƙirga ɓeraye, na saka wa akwatin kwaɗo. Kullum da rana ina fito da Bisera ta ja jiki a kan kafet, Mama na tsaye a kaina tana cewa ina wahalar da baiwar Allah. Kwana goma lafiya lau. A na sha ɗaya na fita gyaran mota, na dawo na tarar da ɗakin yana wari. Bisera ta amayar da 'yan tsaki biyu, tana kwance a gefe baki a buɗe. Kwaɗon yana nan a kulle, amma an kwance marfin saman da sukundireba.

"Mama."

"Ƙanana ne fa. Ko loma ba su kai ba."

"Kashe ta za ki yi. Likita ta faɗa, na faɗa, na rubuta. Da wane yare kike so a gaya miki?"

"Kada ka ɗaga mini murya a gidana. Wata tara ina nan ni kaɗai, wa ya zauna da ni? Kai ne?"

Na durƙusa gaban akwatin. Na ɗauki tsumma na goge aman.

Saura sati biyar in koma teku, kuma na san abin da zai faru ranar da na juya baya. Likitar ta haɗa ni da wani malamin makaranta mai ritaya a garin Dobrich, Malam Kostadin, wanda ke kiwon macizai goma sha biyu. Ranar da na kai masa Bisera, Mama ta kulle kanta a ɗaki. Har na koma teku ba ta gasa mini banitsa ba, wainar cukun da take yi mini ta guzuri, abin da ba ta taɓa fasawa ba tunda na fara aikin jirgi.

Yanzu Bisera ta rage nauyi, ta fara hawa itace, ko da yake likitar ta ce hantar ba lallai ta koma daidai ba. Mama takan hau bas ta je Dobrich duk farkon wata. Malam Kostadin ya rubuto mini cewa sai ya bincike jakarta a bakin ƙofa kafin ya bar ta ta shiga, kuma sau biyu yana samun abu.

Makon jiya ta kira ni muna tashar Izmir. Ko gaisuwa babu.

"Na je na gan ta. Duk ta rame. Kai da mutumin nan, Allah yana kallonku."

Na buɗe baki zan yi bayani, na ji ta kashe wayar.