Jirgin Talal Ya Zo Makka

Jirgin ruwan Talal ya fi daɗewa a kan tirela a ƙofar gidansa da ke unguwar Ka'akiyya a Makka fiye da yadda yake daɗewa a teku. Sai ƙarshen mako yake jan shi zuwa gaɓar Shu'aiba, ya ɗauki masu sha'awar kamun kifi. Yanzu aikin ofis ya sha masa kai, yana neman wanda zai riƙa tuƙa masa.

Mukhtaru, mijin yayarsa Ummulkhairi, ya ƙwallafa rai a kan aikin. Tasi ta cinye masa baya a lungunan Hindawiyya, likita kuma ya ce in bai bar kujerar nan ba, wata rana sai an ɗauko shi daga cikinta.

A nan bakin titi Talal ya koya masa, su biyu a cikin jirgi, yara na wucewa suna tambayar ina ruwan. Allunan taswira biyu ne, ɗaya gaban sitiyari, ɗaya a baya inda ake jefa ƙugiya.

"Shuf, duba nan, ya Abu Haifa," in ji Talal, yana kiran Mukhtaru da alkunyarsa. "A haɗe suke. Abin da ka gaya wa na baya, na gaba ya ji, na'urar tuƙi ma ta ji."

"Tayyib, na gane," in ji Mukhtaru, wanda ya tabbata duk abin da ke da sitiyari ɗan gidansu ne.

A taswirar akwai wata alama can kan tudu, an rubuta mata Haram, wato masallacin Ka'aba. Talal ya ce ya sa ta ne don gane alƙibla. Mukhtaru ya yi dariya. Tun da aka haife shi a Makka bai taɓa neman alƙibla ba, yanzu ma ɗaga kai kawai yake yi ya hango hasumiyar agogo da ke gefen masallacin.

Ranar gwaji a teku komai ya tafi daidai har la'asar. Talal ya bar na'ura tana tuƙi a hankali, ya sauka ciki dafa shayi, ya ce masa ya sa ido. Mukhtaru ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a baya, ya ɗaga kai. Babu hasumiya. Ruwa ne ta ko'ina, kuma kunya ta hana shi tambayar ƙanin matarsa inda Makka take.

Sai ya taɓa alamar a allon baya, ya zaɓi a nuna masa hanya. Allon ya yi wata tambaya, ya danna na'am ba tare da ya karanta ba, yadda ya saba yi wa wayarsa. Wani jan layi ya miƙe sambal zuwa arewa maso gabas. Ya gyara darduma, ya ta da kabbara.

A raka'a ta biyu ya ji jirgin yana juyawa a ƙarƙashinsa. Ransa ya ba shi akwai matsala, amma bai saba yanke salla ba. Yana cikin sujada ya ji Talal na kiran sunansa, sannan cikin jirgin ya gurzu a kan duwatsun murjani, butar shayi ta kife.

Ba wanda ya ji ciwo. Wasu masunta ne suka ja su zuwa gaɓa.

Suka ɗora jirgin a kan tirela, suka jawo shi suka dawo Makka. Suka tsaya a ƙofar gida, suka hau duba ɓarna. Ashe ba a kashe allunan ba. Jan layin na nan a kan duka biyun, ya rage ɗan guntu, yana nuna Haram.

Talal ya daɗe yana kallon layin.

"Ka ce masa ya zo Makka, ga shi ya zo," in ji shi. "Khalas, shi ke nan, yaya. Ka gaida Ummulkhairi."

Ya kashe allunan. Mukhtaru ya sauko a hankali yana dafe da ƙugu, ya laluba aljihu, ya ciro makullin tasi.