Kyamara a Cikin Gora

"Kai! Fito da ƙafarka!"

Misbahu bai san da shi ake ba. Idonsa na manne da kyamara, yana ja da baya a hankali don ya haɗa dogon layin masuntan a hoto guda. Sai da sanyi ya ratsa takalminsa ya dubi ƙasa. Ruwa ya kai masa idon sawu. Gangar da ake kaɗawa ta yi tsit. Ɗaruruwan mutane, kowa da goransa da komarsa, suka juyo suna kallonsa.

Tafkin Ɗankoli, can bayan Kirikasamma, sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, bayan ambaliya ta janye ta bar kifi a tare. Kafin Sarkin Ruwa ya jefa komarsa, ko ɗan yatsa ba a tsomawa. Misbahu ɗan Haɗeja ne, ya san wannan tun yana yaro. Neman hoto ne ya ɗauke masa hankali.

Kuma ba ƙaramin hoto ya zo nema ba. Bara ya sayar da shagonsa na hoton fasfo, ya zuba komai a wannan kyamara, ya ce shi ma zai ci gashin kansa. Tun daga nan biki da suna da saukar karatu ke riƙe da shi. Sai a makon jiya Hajiya Kamila, editar hotuna a wata mujalla ta Abuja, ta kira shi. "Na gaji da hotunan kamun kifi da ake ɗauka daga bakin gaɓa," in ji ta. "Kawo min wanda ban taɓa gani ba, bangon mujalla naka ne, kuma aikinmu na yankin nan naka ne. In ba haka ba, zan turo wani."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa gaban Sarkin Ruwa Bakari, wani dattijo siriri mai farin gemu, zaune kan tabarma a gindin giginya.

Misbahu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. A yi min aikin gafara."

"Gafara ta Allah ce, ɗana. Mu al'ada muke bi." Dattijon ya nuna tafkin da haɓa. "Wanda ya riga mu taɓa ruwa, ya ce shi masunci ne ke nan. To sai ya shiga. In ka fito da kifin da ka kama da kanka, hotunanka naka ne. In ka fito hannu sake, a gabana za ka goge su duka, kuma ba ka sake ɗaga wannan abin a tafkin nan."

"Baba, ban iya ruwa ba."

Wata dariya ta fashe a bayansa. Wani ƙaton Babarbare ne, Bunu, wanda tun safe da ya ji Misbahu Bafillace ne ya saka shi a gaba da tsiya.

"Ina Bafillace zai iya ruwa? Ko wanka sai an yi masa alkawarin nono! Ranka ya daɗe, a bar min bawana, ni zan ba shi gora. In ya nutse, asarata ce."

"Bawan wa?" in ji Misbahu. "Kakana ne ya koya wa kakanka sa wando."

"To yau jikan zai koya maka riƙe naka."

Bunu ya mirgino masa wani gora da ya kusa kai masa ƙugu, mai ɗan baki a sama inda masunci ke jefa kifin da ya kama. "Kwanta a kai da cikinka, kamar kwaɗo. Ka yi ta harba ƙafa. Kawo na'urar in ajiye maka."

Misbahu ya dubi kyamarar, ya dubi bakin goran. Ya zura hannu. Ciki a bushe yake ƙayau. Wata dabara ta faɗo masa. Ya cire hularsa, ya naɗe kyamarar, ya cusa ta ciki, ya ɗaura igiyarta a wuyan hannunsa.

"Wannan yaron ya haukace," in ji Bunu.

Kasancewar shi ne mai laifi, shi aka fara turawa. Bunu ya dafa goran ya angiza da ƙarfinsa duka. Misbahu ya tafi suu, yana salati, komar da aka ba shi ta suɓuce tun bai yi nisa ba. Goran ya yi juyi, ya sake juyi, ya tsaya a tsakiyar tafki, fuskar Misbahu na kallon gaɓa.

Daidai lokacin Sarkin Ruwa ya jefa komarsa.

Ganga ta tashi. Ihu ya tashi. Gaɓar gaba ɗaya ta zubo cikin ruwa, ta nufo shi. Ya fizgo kyamarar, ya kafa gwiwar hannu a kan gora, haɓarsa na shafar ruwa. Abin da ya gani a ciki ya sa ya manta bai iya iyo ba: komaye a buɗe sama kamar fikafikai, rana na ratsa feshin ruwa, fararen balbelu sun tashi daga cikin ciyawar kacalla, ga Bunu a gaba, baki buɗe, wata jibgegiyar tarwaɗa ta yi tsalle daidai fuskarsa.

Ya danna. Ya sake dannawa. Bai ɗaga yatsa ba sai da taron ya rufe shi.

Wani gora ya bangaje shi. Da ƙyar ya mayar da kyamarar ciki, ya toshe bakin da hula, sannan ya sulale. Ruwa ya shiga hancinsa. Ya yi ta fafutuka, hannu ɗaya riƙe da bakin goran, har tafin ƙafarsa ya taɓa laka. Ashe wurin iyakarsa ƙirji.

Sai ya tuna. Kifi!

Ba koma, ba ƙugiya. Ya tuɓe rigarsa, ya ƙulle wuyanta da hannayenta, ya nutsa ta. Wofi. Ya sake. Laka. Masunta sun dama ruwan, kifi na bugun ƙafafunsa ta ko'ina, amma ko ɗaya ya ƙi shiga. Mutane suka fara fita, gorunansu cike. Bunu ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Kai, Bafillace, buɗe rigar in saka maka ɗaya. Ba wanda ya gani."

"Sarkin Ruwa cewa ya yi in kama da kaina."

"Taurin kai kamar saniyarku."

Misbahu ya nufi gindin kacalla inda ya ga ruwa na motsi, ya durƙusa har wuya, ya shimfiɗa rigar a ƙasa, ya taka ciyawar da ƙarfi, ya ɗago da sauri. Wani abu ya yi fitik-fitik a ciki. Ya danƙe da hannu biyu.

Da ya iso gaban Sarkin Ruwa, ba riga, ba takalmi ɗaya, laka har gira, jama'a suka yi masa zobe. Ya buɗe tafinsa. 'Yar karfasa ce, ba ta fi yatsu biyu ba.

Dariya ta ɓarke. Bunu har da faɗuwa ƙasa. "Wannan ko mage aka ba wa sai ta kai ƙara!"

Dattijo Bakari ya karɓa, ya juya ta, ya dube ta da kyau. "Kai ka kama?"

"Ni na kama, Baba."

"Ni shaida ne," in ji Bunu, yana share hawaye. "Na yi masa tayi ya ƙi."

"To ya cika sharaɗi. Mu ga abin da ka shiga dominsa."

Misbahu ya goge hannu, ya zaro kyamarar, ya kunna. Ta kawo. Dattijon ya daɗe yana kallo. "Tun ina saurayi nake buɗe ruwan nan," ya ce a hankali, "ban taɓa ganin yadda muke zuwar wa kifi ba sai yau. Baɗi ma ka zo. Amma ka jira ni in fara."

Tun a bakin tafkin ya tura hoton Abuja. A kan acaɓa, kafin su kai Haɗeja, wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Kamila ko sallama ba ta yi ba.

"Malam Misbahu! A ina ka tsaya ka ɗauki wannan?"

"Ban tsaya ba, Hajiya. A kwance nake."

"Ko a rataye kake, bango naka ne. Ka shirya, girbin shinkafa ma kai za ka yi mana."

Ranar da mujallar ta iso, har gida Misbahu ya kai wa Bunu. Bunu ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa, yana kallon kansa da tarwaɗar.

"Kai, amma ubangidanka kyakkyawa ne," ya ce. "Ina sunan mai gora?"

Misbahu ya nuna masa ƙasan hoton, inda aka rubuta nasa sunan. "Na mai kyamara ake sawa."