Dariyar Iya Tabawa

Wani mafarki na yi a daren jiya, wanda har yanzu ƙafafuna ke ciwon gudunsa.

Kakata ce ta rasu, Iya Tabawa, mahaifiyar Umma. Yau ake sadakar bakwai, kuma a gidanmu jika ne ke ɗaura zanen mamaciya ya kwaikwaye ta har masu zaman makoki su dara. Ni ne babban jika, ni take kira mijinta. Ga Umma ko murmushi ba ta yi ba tun ranar rasuwar. To amma duk yadda na yi, na kasa tuno yadda Iya ke dariya. Abin ya ƙona mini rai matuƙa.

A mafarkin sai ga ni a wani ofis, bunsuru da tabarau yana zaune bisa tebur yana tauna hularsa. Na ce masa dariyar kakata na zo karɓa. Ya ce an tashi aiki, in dawo shekaranjiya. Na ce ko da wasa, ba inda za ni. Da ya ga na fi shi taurin kai, ya nuna mini taga da ƙaho.

A waje ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, mutane duk sun taka lemarsu suna tafiya. Na kama wani ɗigo mai ƙiba, ya yi sama da ni.

Can na tarar da Iya a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, tana zubar da ƙwayar, tana tara ɓawon.

"Kai, Sabitu, ragon miji," in ji ta. "Sai yanzu ka biyo ni? Ina cefane?"

Hawaye suka taho mini, na haɗiye su, na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce ai dariya ba a ba da ita haka kawai, sai an sa mutum. Na yafa zanenta, na rangwaɗa, na shiga ɗingisawa ina faɗan kaji kamar yadda take yi. Ta taɓe baki. Na sake. Ta ce ko kaza ba za ta ji tsoron wannan ba. Na ƙara da tarin nan nata da tsaki, har da zagin maƙwabcin da ke tsinkar mata zogale. Nan ne ta kece, tana dukan cinya, tana ƙwarewa.

Na yi wuf na cafke dariyar, na cusa a baki.

"Kada ka buɗe sai a gaban 'yata," ta ce. "Je ka, na sake ka."

Na zura da gudu. Bunsurun ya tare ni yana tambayar sunana, na yi gum. Wata kasuwa ta bi ni a guje, kifaye suka yi ta yi mini cakulkuli, kumatuna kamar su fashe, ban buɗe ba.

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni, ana dakan gumbar sadaka. Na fita tsakar gida baki a rufe, na tsaya gaban Umma, na saki dariyar Iya.

Taɓaryar ta tsaya a sama. Umma ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya, hawaye na zuba.

"Sake yi," ta ce. "Don Allah, sake yi."