Mitar Tana Cikin Falo

Fauziyya ta zo Alƙahira da wayon Kano, kuma wayon nan ne ya ja mata. A unguwarsu ta Kurna, in aka hango ma'aikatan wuta da tsaninsu, ba a tsayawa gaisuwa. Rufe ƙofa ake yi, a kashe rediyo, a harari yara su yi tsit, har mutanen su gaji su wuce. Kuɗin wuta kuwa, maigida ne ke kai shi ofis da ƙafarsa in ya samu hali. Haka ta tashi ta gani, haka kuma ta dinga yi a hawa na biyar na wani dogon gini a unguwar Arba wa Nus, duk sanda wani mutum ya zo da hantsi yana dukan ƙofa yana kiran lantarki.

Ba ta ɓoye wa mijinta ba. Abdurrahim ɗalibi ne a Azhar, shekarunsa na farko duk a masaukin ɗalibai ya yi su, inda ba wanda ya taɓa nuna masa takardar wuta. Da ya ɗauko iyalinsa ya kama haya, sai ya ɗauka kuɗin wutar yana cikin kuɗin gida. Saboda haka in ya dawo da yamma ta ce masa masu wuta sun zo ta yi shiru har suka tafi, dariya yake yi ya ce ta kyauta, dama mace ba ta buɗe wa baƙon namiji ƙofa maigida ba ya nan. Mutum yana haddace littattafai masu kaurin bulo, amma bai taɓa tambayar maƙwabci yadda ake biyan wuta ba. Allah dai ya shirya mana malamanmu.

A Masar kuwa abin ba haka yake ba. Kamfani ne ke aiko mutum har ƙofa, muhassil suke ce masa, ya leƙa mita, ya miƙa maka rasit, ka ba shi kuɗi a hannu. Mitar gidan su Fauziyya kuma a cikin falo take, a bango, daf da bayan ƙofa. Duk wata bawan Allah ya hau benen nan, ya buga, ya sauka, ya rubuta cewa gida a rufe yake.

A bazarar 2014 ne abin ya fashe. Mahaifin Abdurrahim ya kwanta ciwo, aka kira shi gida, ya tafi ba ranar dawowa. Bai daɗe da tafiya ba aka turo wata takarda mai jan hatimi ta ƙarƙashin ƙofa. Fauziyya na karanta Larabcin Alƙur'ani sarai, amma Larabcin ofis wani abu ne daban, don haka ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta Awadiyya. Ita Awadiyya 'yar Sudan ce mai yin lalle, kakanninta Hausawa ne da suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙarasa ba, Hausarta tsohuwa ce mai ƙamshin Larabci. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dafe ƙirji. Ta ce kamfani ya ƙiyasta musu wutar watannin nan duka, ya haɗa ta wuri ɗaya kamar ta gida mai na'urar sanyaya ɗaki, kuma in ba a biya ba za a zo a cire mitar.

Da Fauziyya ta ba ta labarin yadda take lallaɓawa ta kashe rediyo, Awadiyya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dubi kusurwar falon, dariyar ta tsaya. A nan injin shaƙar maganin Nana Fatima, 'yar Fauziyya, yake, a kan ƙaramin teburi, an lulluɓe shi da ɗankwali saboda ƙura. Nana shekararta uku, asma gare ta, kuma iskar unguwar nan ba ta raga mata. In ƙirjinta ya kama, injin nan ne ke buɗe shi, shi kuma ba ya aiki sai da wuta. Ɗauke wutar da ake yi a bazarar bai firgita Fauziyya ba, ta san awa guda ce ko biyu a dawo da ita. Cire mita kuwa wani zance ne, don Awadiyya ta ce wanda aka cire wa, sai ya ga furfura kafin a mayar masa.

Ta kira Abdurrahim. Ya yi salati, ya ce ta yi haƙuri ta bari ya dawo. Ta tambaye shi ko ƙirjin Nana ma zai bari ya dawo. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, don ta san a bakin gadon asibiti yake tsaye. Ta ce masa ya kula da Baba, wannan ita za ta ji da shi.

Washegari ta kwafi lambar da ke jikin mitar, ta goya Nana, ta shiga ƙaramar bas zuwa ofishin kamfanin. Matar da ko kasuwa ba ta zuwa ita kaɗai, ga ta a layi tsakanin Misirawa masu magana da hannu da ƙafa, kowa na ɗaga tasa takardar yana rantsuwa bai sha wannan wutar ba. Wannan ya ɗan sanyaya mata rai, ashe ba ita kaɗai aka dama wa lissafi ba. Tagar farko aka ce ta je ta uku. Ta uku aka ce mai wurin ya fita salla. Da ya dawo ya kalli lambar da ta kwafo, ya yarda cewa ba ta kai rabin abin da aka ƙiyasta ba, sannan ya tura mata takardarta yana cewa ma'alish, wato ta yi haƙuri, lambar da ma'aikacinsu bai gani da idonsa ba, ba lamba ba ce. Ta ce to a aiko ma'aikacin. Ya ce ai an yi ta aikawa, gidan a rufe yake.

Ta ji ana zancen sabuwar mita mai kati, wadda kake sa mata kuɗi da kanka, ba mai buga maka ƙofa, ba mai yi maka ƙiyasi. Ta ce ita wannan take so, a canza mata yau. Aka yi mata murmushin da ake yi wa yaro. Sai an biya tsohon lissafi tukuna, kuma sai mai sunan da ke kan mitar ya sa hannu. Mai sunan kuwa mahaifin mai gidan ne, ya rasu tun kafin a haifi Fauziyya, ɗansa yana aiki a Kuwait, hayar ma wani ɗan uwansu ke karɓa. Haka ta yi ta zarya, yau a ce gobe, gobe a ce bayan gobe, har mai shayin bakin ofishin ya fara ajiye wa Nana biskit. Abin da ta samo a ƙarshe shi ne alkawarin za a duba kokenta, in muhassil ya kawo karatun mitar na gaskiya.

To, ina za ta ga muhassil? Ko fuskarsa ba ta sani ba, bugun ƙofarsa kawai ta sani. Awadiyya ta ce sunansa Isam, kuma ba shi da rana tsayayya. Sai Fauziyya ta wangale ƙofarta, ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin bene da tiren tsintar shinkafa. Kullum da hantsi tana nan. Masu hawa da sauka suka yi ta kallonta, wata tsohuwa ta hawa na shida har ta tambaya ko rasuwa aka yi. Kunya kamar ta nutse, amma ba ta tashi ba.

Ran da ya zo, numfashinsa ta fara ji kafin ta gan shi. Dattijo ne mai furfura, da 'yar jaka a hammata, yana jan ƙafa ɗaya yana dafa bango. Da ya ga ƙofar a buɗe ya tsaya cak. Bai amsa sallamarta da daɗi ba. Awadiyya ta fito tana fassara inda Larabcin Fauziyya ya gaza, shi kuwa ya zazzage abin da ke cikinsa. Ya ce duk wata yana hawa benen nan da gwiwar da likita ya hana shi wahalar da ita, yana jin rediyo ta mutu, yana jin ana toshe wa yarinya baki. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne, ba maroƙi ba ne, shekara talatin yana aikin nan ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba.

Wannan ya fi duk tagogin ofis yi wa Fauziyya ciwo, don ba ta taɓa kawo wa ranta cewa mutum ne mai gwiwa ke tsaye a bayan ƙofar ba. Ta ba shi haƙuri, ta ce masa a garinsu masu wuta yankewa suke zuwa yi. Ya dube ta ya daɗe, ya girgiza kai, ya shiga ya karanta mitar. A nan idonsa ya faɗa kan injin, ya tambaya, aka gaya masa. Ya ce zai kai karatun yau ɗin nan, amma kokenta zai ɗauki lokaci, umarnin cire mita kuma ya riga ya fita daga hannunsa, masu cirewa na iya zuwa kowace safiya. Ya kai bakin bene, ya juyo ya rage murya.

"Ya binti, 'yata, mitar tana ciki. In ba ki buɗe ba, ba su da ikon shiga. Kin dai iya, ai na shaida."

Awadiyya ta ce wallahi shawara ce, ta bi ta. Fauziyya ta mayar da kujerarta ciki, ta koma rufe ƙofa.

Sai dai ƙirjin yaro ba ya duba ranar da ta dace. Wata safiya aka tashi da zafi mai nauyi, ana ƙona shara a bayan gini, hayaƙin ya cika ɗaki. Nana ta fara tari, tarin ya koma shaƙewa, haƙarƙarinta na shiga suna fita. Fauziyya ta zuba magani, ta ɗaura mata abin shaƙa a fuska, ta kunna injin. Shi kuwa injin nan gurnani gare shi kamar ƙaramin janareta, ana jin sa har hawa na huɗu. Ba a jima da farawa ba aka buga ƙofa, bugu mai ƙarfi, ba irin na Isam ba. Muryoyin maza biyu, da ƙarar ƙarafa a cikin jaka.

Hannunta ya kai kan makunnin da kansa, don ya saba. In ta danna, gidan zai yi tsit, su ƙara bugawa su tafi, mita ta kwana. Ta dubi Nana, wadda ta ƙura mata ido ta saman abin shaƙar, tana jan numfashi ɗaya bayan ɗaya da ƙyar. Fauziyya ta janye hannunta. Ta zura hijabi, ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta tsaya a ƙarƙashin mitar.

Babba ne da matashi, cikin rigar aiki. Babban ya ɗaga takarda ya fara bayani. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba, ta harhaɗa ɗan Larabcin da zaryar ofis ta koya mata.

"Ni ce mai gidan. Ga mitar nan, ban ɓoye ba. Amma ba mai taɓa ta sai yarinyar nan ta gama."

Ba ta matsa daga wurin ba. Matashin ya dubi babban. Babban ya leƙa ta gefen kafaɗarta, ya sauke takardar. Suka tsaya a bakin ƙofa da jakar ƙarafansu, injin na ta gurnani. Awadiyya ta fito da lalle a hannu ta jingina da bango. A hankali kafaɗun Nana suka sauka, shaƙewar ta lafa, ta fara wasa da igiyar abin shaƙar.

Da maganin ya ƙare Fauziyya ta kashe injin da hannunta. Babban ya tambaya sau nawa ake yi mata a rana. Ta ce uku, wata rana huɗu, wata rana da tsakar dare. Ya sosa ƙeya, ya ce shi ma'aikaci ne, takarda aka ba shi, in ya koma ba mita sai ya faɗi dalili, kuma ba zai rubuta gida a rufe ba tunda ga shi a buɗe.

"Kada ka rubuta komai," in ji ta. "Ka kai ni wurin wanda ya ba ka takardar, in faɗa masa da bakina."

Ya ce shugaban sashen ba ya ganin mutane haka kawai. Ta ce yau zai ga mutum. Kafin ya sake buɗe baki ta sunkuya ta ɗora Nana a baya, ta ja zani ta ɗaure tamau, ta naɗe wayar injin ta rungume shi a ƙirji. Ta miƙa wa Awadiyya makullin gidan. Matashin ya miƙo hannu zai karɓar mata injin, ta ce a'a, ya dai riƙe jakarsa. Ita ce ta fara sauka, su biyun suna biye da ita.