Tukunya Ɗaya

Shekara uku ke nan da Jaratu ta buɗe wa Rahila ƙofa a Bangi. Rahila ta tsallako iyaka ne da 'ya'ya huɗu da tabarma, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinsu. Jaratu kuwa mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu, ta ba su ɗaya. Daminar bara ruwa ya cinye wannan ɗakin, suka cunkushe su shida a wanda ya rage, shi ma bangonsa ya tsage.

Sai aka ce wata ƙungiya za ta gina gidaje, rabi na baƙi, rabi na 'yan gari. Kunnen Jaratu ya gaji da irin wannan labari, amma ta bi layi cikin rana kamar kowa.

Aƙilu mai rubuta sunaye mutumin kirki ne, sai dai takardarsa ba ruwanta da mutane, tukunya take ƙirgawa. Duk masu ci daga tukunya ɗaya iyali ɗaya ne, gida ɗaya za su samu. Ya ja Jaratu gefe ya ce ranar da masu dubawa za su zo, ta kafa murhu biyu.

"In raba tukunya da baƙuwata, garin ga duka na kallo?" in ji ta. "Uwata ba ta yi hakan ga ba."

Har sau uku ya yi mata bayani, kuma ta gane sarai. Da safen ranar ta ma ɗauko duwatsu uku ta jera a tsakar gida. Ta daɗe tana kallonsu, kunya ta hana ta, ta kwashe ta tokare bango da su.

Masu dubawa suka iske tukunya ɗaya, mutum shida, biyar baƙi. Aka sa su a jerin baƙi, da sunan Rahila.

Ranar da aka ba Rahila makulli ta yi kuka, ta rantse babban ɗakin na Jaratu ne. Jaratu ta san gaskiya ta faɗa. Ba ta ji haushinta ba, gajiya kawai ta ji, ta ce su yi gaba tana tafe. Ta zauna a gidan mijinta har ruwan farko ya kayar da bangon.

Ta ɗora tukunyar a ka, ta bi hanyar bayan kasuwa zuwa sababbin gidajen. An gina su ne a gonar aro da ta shekara talatin tana shuka wake. A bakin ƙofar Rahila ta tsaya, ta yi sallama, ta jira a amsa mata.