Kofi Mai Jan Zare

Shekara huɗu ke nan Manal tana da kofinta na daban a gidansu da ke unguwar Utaibiyya. Mahaifiyarta, Hajiya Ruƙayyatu, ita ta ɗaura masa jan zare tun ranar da ta ji irin aikin da 'yar ta samu.

Aikin kuwa a ƙarƙashin wani asibiti yake, bayan bango mai kaurin gaske. Can akwai injin da ke harba ƙwayoyin da ido ba ya gani su daki ƙarfe, har ya koma wani sinadari, galiyum, mai fitar da wani ɓoyayyen haske. Shi ake haɗawa da magani a yi wa marar lafiya allura, ciwon ya fito a hoto. Cikin awa guda rabin ƙarfinsa ya kusa tafiya, saboda haka Manal kullum a gurguje take, daga ita sai ƙugin inji.

Ta yi bayani har bakinta ya gaji. Hajiya dai ta kafe cewa wutar nan tana bin mutum gida. Ranar sunan ɗan da aka haifa wa Hatim, yayan Manal, jariri ya zaga hannun kowa, har maƙwabta, ita aka tsallake. Ta ci gaba da zuba shayi tana murmushi, amma abin ya ci mata rai. Ba ta son komai illa uwarta ta daina janye jiki idan ta matso.

Sai ciwo ya kama Hajiya, likita ya ce wannan hoton za a yi. Manal ce ta haɗa allurar da safe. Da aka gama, aka ce Hajiya ta nisanci jarirai da masu ciki zuwa yamma. Hatim, jarumin gida, ya sauke ta a ƙofa ya tuna yana da uzuri a unguwar Aziziyya. Matarsa ta haye sama da ɗanta ta turo ƙofa.

Manal ta dawo bayan la'asar ta tarar da tsohuwar ita kaɗai a falo. Ta zauna jikinta, ta kama hannunta.

"Matsa, ya binti, 'yata, kada maganin nan ya taɓa ki."

"Umma, ni na haɗa shi."

Hajiya ta dubi matakalar da surukarta ta bi ta gudu. Hannun dai ba ta janye ba. Can ta ce likita ya ce ta sha ruwa da yawa.

Manal ta miƙe.

"A naki kofin," in ji Hajiya.