Hoton Gwaggo Shafa a Bakin Tasha

Duk Malumfashi, in ka hangi shuɗi yana tahowa daga nesa, ba sai ka tambaya ba, Gwaggo Shafa ce. Sunanta na yanka Shafa'atu, amma tun da ta ɗauki riƙon Abubakar, ɗan yayanta, kowa ya koma kiranta Gwaggo, har waɗanda suka girme ta. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta. Ta shiga takaba da zanen shuɗi, ta fita takaba, shuɗin bai fita daga jikinta ba. Zane biyu take juyawa, ɗaya a jiki ɗaya a kan igiya, in sun koɗe ta aika da su marina a sake tsoma su. Ba kuma rashi ba ne, kada ma ku tausaya mata ta nan. Adaka gare ta a ƙarƙashin gado, cike maƙil da atamfofi da leshi, wasu ko ninkinsu ba a taɓa warwarewa ba. Hannunta ne kawai ya saba, kullum safiya shi ke zaɓar mata, ita kuma ba ta musa masa.

Ana nan sai Abubakar ya ga yarinya a Funtua, 'yar gidan wasu dillalan auduga, masu hali kuma masu baki. Aka sa ranar kai lefe. Uwa dai ba ta kai lefen ɗanta, kunya ba ta bari. Gwaggo ce ke shiga gaba, ita ke yin sallama, ita ke buɗe akwatuna, ita ke magana da yawun gidan ango. Yadda aka gan ta, haka za a ɗauki gidan da ta fito. Shafa kuwa ita ta goya yaron nan tun daga yaye, ba ta taɓa haihuwa ba, shi ke nan mata a duniya. Ta daɗe tana jiran ranar da za ta tsaya a gaban surukai a ce ga uwar riƙonsa.

Hansai, mahaifiyar Abubakar, ita ta ɓaro zancen suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa.

“Gwaggo, ke za ki ja mana gaba, ɗanki ne. Amma don Allah kada ki shiga gidan mutane da shuɗin nan. Sai su ɗauka ta'aziyya muka zo.”

Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta shiga ɗaki ta jawo adaka, warin kafur ya bugi hancinta, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye. Duk ɗinkin zamanin amarcinta ne, wasu rigunan sun matse, wasu kuma ita ce ta ga sun fi ƙarfin fuskarta. Sabo kuwa ba a maganarsa, shekarar ce atamfa ta yi tashin gwauron zabo. Sai ta tuna da Shade.

Shade, wato Folasade, 'yar Alhaji Jimoh ce mai sayar da kwanuka, Bayarabiya amma haifaffiyar Malumfashi, Hausa a bakinta har ta fi ta wasu Hausawan kaifi. Layinsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance irin na da, wanda ake aika goro iyaye su shaida. Da mijin Shafa ya rasu, Shade ta rufe shagonta na ɗinki a Funtua kwana bakwai ta zo ta zauna da ita. Babu abin da ke cikin Shafa da Shade ba ta sani ba.

Ta ɗora adaka a mota, sai Funtua.

Shagon yana bakin tasha, da ɗan ɗaki a baya inda mata ke gwada kaya. Shade ta tarbe ta da guɗa, ta kori 'yan koyonta waje, ta buɗe adakar ta riƙe haɓa.

“Ƙawa, kin ci amanar kayan nan. Wannan duk naki ne, kike yawo kamar wadda aka yi wa gobara?”

“Ni dai ki duba mini wanda zan sa in fita kunya.”

“Ko ƙyalle ba za ki saya ba. Amma tsaya tukuna, kada ki cire komai. Bari in kira Pius ya ɗauke ki yadda kika zo, mu ajiye, wata rana mu yi dariya.”

Pius mai hoto ne, shagonsa na jikin nata. Shafa ta noƙe, ita ba ta saba tsayawa gaban namiji ya ƙura mata ido ba. Shade ta ce haba, mu biyu ne za mu gani, sai Allah. Aka tsayar da ita jikin bango, zane ya sha ƙurar mota, gyale ya zamo gefe ɗaya. Kunya ta sa ta fara murmushi, Shade ta ce, “A'a, kada ki yi dariya, hoto ba ya son haƙora. Sassauta kafaɗa. Dubi ƙasa kaɗan.” Ta yi yadda aka ce.

Daga nan aiki ya kankama, kuma a gaskiya, a ba kowa haƙƙinsa, Shade ta san hannunta. Mu nan abin da muka sani, zane da riga da ɗankwali duk daga turmi ɗaya suke fitowa, wadda ta haɗa daban-daban sai a ce ba ta da shi ne. Shade ta ce wannan dokar ba a littafi take ba. Ta zaro wata farar rigar leshi ta farke gefenta, ta saki ɗinkin, ta rage hannun, keke ya yi ta ƙara. Ta haɗa ta da koren zane mai ganye-ganye wanda rigarsa ta daɗe da mutuwa. Ta ɗauki ɗankwalin wata atamfar mai ruwan goro ta naɗa mata shi sama, ya tsaya da kansa. Can ƙasan adaka ta tono zanen saƙi na mahaifiyar Shafa, ta ninka shi uku ta saɓa mata a kafaɗa. Murjani ya fito daga cikin gwangwani, kwalli ya shiga ido. Kafin la'asar ta haɗa mata shiga har kala shida, ta nuna mata wanne ke tafiya da wanne.

Da aka juya ta gaban madubi, Shafa ta ƙura ido. Ta ga wata mace da ta manta da ita, mai dogon wuya da hasken fata. Hawaye ya zo, ta share da sauri kada kwallin ya ɓaci. Daɗi ta ji, daɗi sosai, irin wanda rabonta da shi tun mijinta na da rai. Pius ya dawo da na'urarsa, wannan karon Shade ta ce, “Yi dariya, ƙawa, buɗe haƙoran nan duka.” Ta yi, har da kyakkyatawa.

Mako uku bayan nan aka kai lefe. Mota biyu daga Malumfashi, akwati huɗu, Gwaggo Shafa a gidan gaba. Tun a ƙofar gida Hansai ta dafe ƙirji ta ce ashe haka kike. A hanya, ta Bakori, matan da ke motar ba su da zance sai nata. Ita kuwa tana ta bitar abin da za ta faɗa a ranta.

Ta yi sallama a gidan amarya da murya cikakkiya. Aka shimfiɗa tabarmi, tsakar gida ya cika da mata. Hajiya Inno, gwaggon amarya, ita ce mai karɓa, mace mai jiki da zoben zinariya a kowane yatsa. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi damina. Shafa ta ɗora hannu a kan akwati na farko ta yi bisimilla. Sai ta lura 'yan matan da ke bakin rumfa suna zungurin juna. Ɗaya ta toshe baki ta ruga ɗaki, ta dawo da wasu biyu, su ma suka leƙa suka sunkuyar da kai suna shaƙewa.

Hajiya Inno ta karkata kai tana dubanta, tun daga ɗankwali har zuwa saƙin kafaɗa.

“Baiwar Allah, ni kam na san fuskar nan. Ba ke ce Jiya da Yau ba?”

“Na'am, Hajiya?”

“Ta allon Shade mai ɗinki. Wallahi ita ce, har kayan ma su ne. Kai, matar nan ta iya aiki. Da na ga na jiyan cewa na yi daga ƙauyen Tsiga ta samo wata ta biya ta.”

Dariyar da ake dannewa ta ɓalle. Ba ta mugunta ba ce ma, abin da ya fi ciwo ke nan, dariya ce irin wadda ake yi wa abin kallo. Shafa ba ta gane komai ba, amma ta ji sunan Shade, ta ji allo. Duk jawabin da ta tsara ya gudu. Ta buɗe akwatunan, wata ƙanwar Hansai ce ta karɓi maganar ta ƙarasa. Ana ɗaga kayan amarya, idanu suna kan uwar riƙon ango. Har wata ta ce, da murya ƙasa-ƙasa amma ba ƙasa sosai ba, ko a duba lefen ma kada a ce gyaran Shade ne.

Da aka fito ta ce wa direba ya biya da ita tasha, ta ce sauran su jira a mota.

Ba ta sha wahalar nema ba. A ƙofar shagon an kafa wani allo mai gilashi, da hotuna biyu manya a jere. A ƙarƙashin na hagu an rubuta JIYA, a ƙarƙashin na dama YAU. Ta yi ajin yaƙi da jahilci, ta iya haɗa baƙi, don haka ta karanta na ƙasan ma da kanta: Kawo tsofaffin kayanki, Shade ta mai da ke mutum. Wani ɗan kamasho yana jingine da allon yana shan rake. Ya dube ta, ya dubi hoton, ya washe baki ya kira abokinsa.

Na hagun ta tsaya kallo. Mace ce kafaɗa a zube, ido a ƙasa, gyale a karkace, kamar wadda ta zo roƙon hatsi. Ba ta taɓa sanin haka take ba. Ashe mako uku ke nan tana tsaye a bakin tasha, direbobi da masu dako da matan Funtua suna wucewa suna kallonta.

Shade ta fito da tef a wuya, fuska a sake.

“Ƙawa, ya lefe? Na san kin kashe su.”

“Shade, me na yi miki?”

Shade ta bi idonta zuwa allon, fara'arta ta ragu kaɗan, ba duka ba.

“Haba, wannan? Mene ne a ciki? Ai ban sa sunanki ba. Kuma wa ya san ki a Funtua?”

“Surukaina sun san ni yanzu.”

“To ai kyau suka gani. Ƙawa, kasuwa ta mutu, ba mai sayen sabon yadi, ɗinki ya tsaya. Tun da na kafa hoton nan mata ke zuwa da adakokinsu. Ke kika buɗe mini ƙofa, Allah ya sani ina gode miki.”

Da Shafa ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

“Ranar da kika ce kada in yi dariya, in sassauta kafaɗa, in dubi ƙasa. Tun a lokacin kin san inda za ki kafa shi.”

Shade ta kama wasa da tef ɗin wuyanta.

“Da na tambaye ki, ba za ki yarda ba.”

“Shi ya sa ba ki tambaya ba.”

“Bari in sauke shi yanzu-yanzu, a gabanki.”

“Sauke daga ina? Daga idon Hajiya Inno?”

Ta juya. Shade ta biyo ta har bakin mota tana ƙawa, ƙawa, ba ta waiwaya ba. Da bare ne ya yi mata haka, da ta zage shi ta huce. Amma wadda ta san dalilin shuɗin nan, wadda ta zauna da ita kwana bakwai tana share mata hawaye, ita ce ta gyara mata tsayuwa don baƙin cikin ya fito sosai a hoto. Ta shiga mota suka kama hanyar Malumfashi.

Labari ya riga su isa, don direban ɗaya motar ya riga su dawowa, shi kuma ba ya riƙe magana. Washegari ta ɗaura shuɗinta za ta gidan maƙwabta ɗiban wuta, wata mata a bakin famfo ta ce, a'a, Gwaggo, yau kuma an koma jiya? Ta dawo ta sa koren zanen da wata riga, mai kayan miya ya ce masha Allah, yau ta fito. Daga nan ta daina fita.

Ranar ɗauko amarya, bayan azahar, motoci suka jeru a ƙofar gida. Ita ya kamata ta shiga ɗakin uwar amarya ta roƙi a ba su 'yarsu, ita za ta riƙo hannun yarinyar har mota. Mata sun shirya, ana ta kiran ina Gwaggo. Hansai ta leƙa sau biyu ta koma. Daga ƙarshe Abubakar da kansa ya baro abokansa ya zo, cikin babbar rigarsa ta angonci, ya durƙusa a bakin ƙofarta.

Tana zaune a gefen gado da zanen wanka ɗaure a ƙirji. Adaka a buɗe, kaya a baje ko'ina, kore da ja da fari da shuɗi, har ƙasa.

“Gwaggo, ke ake jira. In ba ke ba wa zai ɗauko mini ita?”

Ta dube shi, yaron da ta goya har bayanta ya yi kanta. Ta so ta tashi, Allah ya sani ta so. Ta miƙa hannu kan kayan, hannun ya tsaya a sama, ta mai da shi cinya.

“Ku je, Habu,” ta ce. “Ba ni da abin sawa.”

Ya daɗe a durƙushe. Can direba ya danna oda, ya tashi ya fita, ta ji motocin suna tashi ɗaya bayan ɗaya.